Wuƙar Tarakta da Hanyar Ɗakin Inna

Daga Boɗinga har Kajiji, in ka cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, babu mai idon ƙasa irin nawa. Ba yabon kai ba ne, abin da kowa ya sani ne. Shekara talatin ina noman albasa a fadamar bayan Lambara, kuma fangalin da na ja da hannuna, wato 'yar kwamin da ake dasa albasa a ciki, in ka zuba masa ruwa cokali ɗaya a kusurwa guda, sai ruwan ya zagaya sauran ukun ya gaishe su kafin ya kwanta. Magina suna yawo da 'yar kwalba mai ruwa don auna daidaito, ni kuwa ido ɗaya nake runtsewa. Na taɓa duban buzun limaminmu na ce masa gefen gabas ya fi tudu, aka ɗaga aka tarar da ƙwayar gero biyu a ƙarƙashi.

To, da wannan idon na kusa hana mahaifiyata komawa ɗakinta.

Gidanmu ba a cikin gari yake ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya son hayaniya, sai ya je ya kafa gida a tsakiyar gonarsa, inda in ka sauka kwalta sai ka yi tafiyar kusan kilomita guda kafin ka ga zaure. Hanyar tamu ce mu kaɗai, babu mai gyara mana ita. Shekarun baya mun zuba mata marmara, jar tsakuwar nan, mota ta riƙa shiga har ƙofa. Amma kowace damina sai ta ci rabonta, mu kuma muna ta cewa sai baɗi. Har ta kai babur kaɗai ke bi, shi ma mai babur sai ya tambaye ka ko kana da tsohon targaɗe kafin ya ɗauke ka.

Ana gab da saukar damina Inna ta faɗi a bakin makewayi, ƙashin ƙugunta ya karye. Direban da muka kira ya tsaya a bakin kwalta ya ce ko kujerar Makka za a ba shi ba zai shigo ba. Sai muka cire ƙyauren ɗakinta, muka kwantar da ita a kai, muka rufa mata zane saboda rana, mu huɗu muka saɓa a kafaɗa. Ba mu yi tunanin yadda abin zai kasance ga mai hange daga nesa ba. Matan da ke ɗibar ruwa a rijiyar bakin hanya suka saki guga suka ɗauki salati. Wani mai amalanke ya sauko ya bi bayanmu yana cewa Allah ya sa ta huta. Inna tana jin komai. Duk azabar da take ciki sai da ta yaye zanen ta ce masa, "Ban huta ba tukuna." Kafin a sa ta mota ta kama hannun rigata.

"Ka ji ni da kyau. Ba a ƙara ɗaukata bisa kahwaɗa sai ranad da ba ni da bakin hanawa."

Aka yi mata aiki a Sakkwato, aka sa mata ƙarfe. Yayata, wadda muke kira Adda, tana aure a can, ita ce ke jinya. Wata Talata da hantsi ta kira ni a waya.

"Likita ya ce Alhamis ta sama za su sallame ta. Ya ce mota har ƙohwa, ba girgiza, ba babur, ba amalanke. Kuma dut bayan sati biyu a maido ta su duba."

"To ta zamna wurinki mana, Adda, hat ta ji sauƙi."

"Gidan surukinta? Zo ka hwaɗa mata da bakinka. Ni na gwada. Tun shekaranjiya ba ta sa komi bakinta ba sai ruwa."

Wanda bai san Inna ba zai ce rigima ce. Shekara ashirin da wani abu Adda na gidan mijinta, Inna ba ta taɓa kwana a can ba, ba ta taɓa cin lomar tuwo a gabansa ba, ko sunansa ba ta faɗa. A ce yanzu ta kwanta a gidan, yana jin ana shiga da ita bayi ana fitowa, gara mata yunwa. Kuma tsohuwar da aka yi wa aiki, in ta daina cin abinci, ba sai likita ya gaya maka inda aka nufa ba.

"Ki ce mata ta ci," na ce. "Hanya ta gyaru ta gama. Kwana tara ai ko Sakkwato zan iya maidowa nan."

Da na ajiye wayar na fita na tsaya na dubi hanyar, sai na gane girman alkawarin da na ɗauka.

Gireda na fara nema, babbar motar gyaran hanya. Duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wani. Wadda aka samu tana can nesa wajen wani aiki, sai an ɗauko ta a bayan tirela, kuma ko ta zo faɗinta ya fi tsakanin shingayenmu. Laraba ta tafi a haka. Da yamma na hau babur zuwa Kajiji wurin taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda ke da wata tsohuwar tarakta da ba ta tashi sai an tura ta kuma an yi mata addu'a. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana ɗaya ta hankali da shi ba.

"Bawana, mi kaz zo roƙo?" in ji shi.

"Ubangidanka ya zo duba dukiyatai. Mi kaka da shi na rataya ma wagga gawa?"

Haro yake da shi, mai faya-fayan nan na farfasa gona, sai rija ta yin kunya. Ya ce mu bi hanyar da haro sau biyu, shi ke nan. Na ce masa hanya nake so, ba gonar gyaɗa ba. Ya yarda zai ba ni Juma'a da Asabar, muddin na samo abin da za a rataya, don da zarar ruwa ya sauka shi da barci sai wata mai zuwa.

Ranar Alhamis na duƙa Boɗinga. Akwai wani mai walda a bakin titi da ke ƙera kayan tarakta yana bayarwa haya. Ya ɗage baƙin gilashinsa goshi, ya saurare ni har na gama, ya kai ni bayan rumfa inda ƙarafa ke kwance cikin ciyawa.

Ya fara shurin wani guntun shasin babbar mota da aka ɗaura wa sarƙa biyu. Ya ce wannan ja kawai ake yi, yana taje saman hanya, amma rami yana nan inda ka bar shi. Ban ko tsaya ba. Sai ya nuna mini wani akwatin ƙarfe marar gindi, mai haƙora a gaba. Haƙoran su ƙwaƙule ƙasa, akwatin ya kwaso daga tudu ya zubar a rami. Ya daɗe a kan wannan, yana shafa shi kamar ragon layya.

"Alhaji, in ni na kai, akwati za ni ɗauka. Ba shi yin kyau ƙwarai, amma ba shi ɓarna ƙwarai. Ba shi bukatar wayo."

Ni kuwa da ya ce ba ya bukatar wayo, ai ya riga ya zage ni. Idona ma yana can kan wata doguwar wuƙa, lanƙwasasshiya kamar ɓawon kankana, tsawonta ya fi na mutum kwance. Tana rataye jikin wani faifai mai ramuka a kewaye, da ƙatuwar ƙusa. Ka zare ƙusar, ka juya wuƙar dama ko hagu, ka sake sokewa. Sak irin wadda ke ƙarƙashin gireda.

"Wagga hwa?"

"Wagga sai wanda yas san hanya. Wa za shi saita ta?"

"Kana kallonai."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya sauke gilashinsa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Muka ɗora ta a motar kaya.

Bayan an sauko Juma'a taubashina ya iso da tarakta, muka rataya wuƙar a baya. Ya tambaye ni wane gefe za a juya ta. Ban yi ko daƙiƙa guda ina tunani ba. Duk manomin albasa ya san aikin da ba shi da baki ba aiki ba ne. Fangali, tsakiya ake sharewa ta kwanta sumul, a tura ƙasar gefe a tayar da baki, ta yadda in aka sako ruwa zai zauna ya ratsa. Hannuna ya yi haka sau dubbai, bai san wani abu ba. Na juya wuƙar yadda za ta riƙa watsa marmara waje. Muka tafi ta dama, muka dawo ta hagu, tsakuwa na tarawa a gefe biyu. Ni ina biye da fartanya, ina gyara bakin, ina daddaɓe shi da bayanta, in runtse ido in ce wa taubashina ya ƙara sauke ƙarfen a nan, ya ɗaga a can.

Kafin la'asar ɗin Asabar, zo ka ga aiki. Shimfiɗe kamar faranti, miƙe kamar igiyar magini, da baki biyu masu kyau tun daga kwalta har zaure. Maƙwabtan gona suka zo kallo, dukansu 'yan albasa. Babu wanda bai yaba ba. Wani ya ce bai taɓa ganin baki mai tsafta haka ba. Taubashina da kansa ya ce, "Bawana, yau kam ka ci abincinka." Na ɗage darnin karan da ke bayan ɗakin Inna don mota ta iya zuwa har ƙofarta, na ɗauki hoto na tura wa Adda. Ta kira ta ce Inna ta daɗe tana kallo, ta kuma sha kunu rabin kofi. Na ce a gaya mata in tana so a kawo ta a jirgin sama ma akwai wurin sauka.

Lahadi bayan la'asar gabas ta haɗe. Ruwan farko ne na kirki a shekarar, irin wanda manomi ke tsayawa a ƙofa yana murmushi. Ni ma na tsaya a zaure ina murmushi. Sai na ga ruwan da ke sauka a hanya ba ya zuwa ko'ina. Ya taru, ya kwanta, ya bi kusurwa-kusurwa yadda na saba gani, daidai wa daida. Na gonakin gefe kuma ya sami inda bakin ya yi rauni ya shigo, ya rasa mafita. Kafin magariba ina da tafki mai tsawon kilomita guda a ƙofar gida. Agwagin matata suka fita a jere suka shiga, ko waiwaye ba su yi ba.

Da safe abin ya fi muni. Can wajen gangaren tsakiya ruwan ya fasa bakin da ƙarfi, ya yanka kwari a gicciye, ya kwashi marmarar da na tara ya kai gonar wani. Inda ruwa ya kwana kuwa, da yake na kankare tsakuwar saman, laka ce zalla. Duk da haka ban yarda ba. Na kira wani mai tasi da na sani na ce ya gwada. Bai yi taku ashirin ba motar ta zauna har ciki. Sai da muka haɗa da shanu biyu kafin ta fito.

Ina tsaye cikin laka har ƙwauri waya ta yi ƙara. Adda ce.

"Ta ƙulle kayanta tun yau. Ta ci tuwo da sahe, hat ta nemi ƙari. Ga ta, za ta yi maka magana."

Muryar Inna ta zo siririya, ba irin wadda na sani ba. "An yi ruwa nan?"

"An yi, Inna."

"Madalla. Ka sa a share min ɗaki. Kwana uku ko?"

"Kwana uku, Inna."

Ni da ba a taɓa rasa ni da magana ba, ko a gidan makoki sai an tsawata mini, ranar na tsuguna a bakin hanya ban iya cewa komai ba. In na gaya mata gaskiya ta ajiye cokali. In na yi shiru, Alhamis mota ta sauke ta a bakin kwalta, a ciro ƙyaure. Na san Inna. Za ta ce a bar ta nan gindin bishiya.

Mai tasin nan yana wanke ƙafarsa a tafkina, sai ya ce akwai wani tsoho a Shagari mai sayar da igiyoyi kusa da tasha, wanda ya yi leburancin hanya tun zamanin da ake gyaran hanya da diga da kwanon sarki. Ban ko canja wando ba na hau babur.

Na same shi a gindin dogon yaro yana tufka. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na kwashe labari na gaya masa, na rage wasu wurare. Ya ce a kai shi ya gani. Da muka iso ya sauka a hankali, ya dogara sandarsa, ya bi gefen hanyar yana kallo har muka kai inda ta yanke.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Wani na, Baba, munka sa."

"Manomin albasa na."

"Ƙaƙa kas sani, Baba?"

Ya nuna da sanda. "Ga bakin hwangali nan, har an ɗaɓe shi da bayan kalme." Fartanya yake nufi. Ya dubi wandona, ya dubi hannuna, ya gane, amma ya rufa mini asiri. "Ka ce ma wanda kunka sa, shi dut zamanai duniya roƙon ruwa shika yi shi tsaya. Hanya kuwa korar ruwa taka so. Ka taɓa ganin ruwa ya kwana bisa bayan jaki?"

Na ce ban taɓa ba. Ya ce to haka hanya take, tsakiya tudu, gefe gangare, da ƙofofin da ruwa zai fita. Na tambaye shi ko in mayar da wuƙar in ɗauko akwati, tunda mai walda ya gargaɗe ni. Muka je inda take jingine bayan zaure, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa.

"Akwati na da kyau ga cika rami, amma shimhiɗe shika barin hanya. Kai doro kaka so. Wagga ita ta daidai. An zaɓi abin kirki anka ba shi aikin banza."

Ya sa ni na zare ƙusar, muka juya wuƙar ɗaya gefen, ya ƙirga rami biyu ya ce in soke. Shi ke nan. Tsakanina da wannan masifa duka rami biyu ne a jikin faifai. Ya ce in tarakta ta zo a rage tsawon hannunta guda, don wuƙar ta ɗan karkace, bakin waje ya fi nutsewa. Na ce a fara yanzu. Ya duƙa ya dumbuzi ƙasa ya matse, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa.

"Yau ka taɓa ta, ka yi kwaɓin gini. Ka jira sai ta dunƙule kamar dawo, ba ta ɗiga, ba ta wargajewa. Jibi, in ba a ƙara ruwa ba."

Jibi Laraba. Kwana ɗaya tak kafin Alhamis. Aikin da ya ba ni a ranar shi ne in bi bakin nan nawa mai kyau in sassare shi, kowane taku kaɗan in buɗe ƙofa ruwa ya fita. Ruwan ya fita kuwa, ya shiga gonar gerona ya kwanta a kan shukar da ban ma yi ba. Kowace sara kamar a jikina nake yi.

Talata na nemo tifa biyu na marmara aka juye a bakin kwalta, maƙwabta masu amalanke suka yi mini gayya suna kaiwa inda ta yanke. Su ne dai waɗanda suka yaba ranar Asabar, yanzu kowa na cewa shi dama ya ga alama. Na bar su na nufi Kajiji. Ruwa ya sauka, kowa na son haro a rana ɗaya. Na tarar da taubashina a tsakiyar wata gona, mutum biyar zaune a kan iyaka suna jiran layi. Ya hango ni ya rage wuta.

"Sarkin ruwa da kansa. An ce kana neman kwalekwale."

A ƙa'ida sai in rama, ya rama, mu yi ta yi har rana ta faɗi. Ranar ban bi ƙa'ida ba. Na kama ƙarfen tarakta na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna ta ƙulle kayanta. In ba ka zo gobe ba, ban san abin da za ni ce mata ba."

Ya dube ni ya daɗe. Ina tsammanin tsoro ne ya kama shi, don bai taɓa ganin fuskata a haka ba. Ya kashe injin, abin da ba ya yi da rana saboda wahalar tashi, ya sauka ya je wurin masu jiran nan ya tsuguna. Ban ji abin da ya ce musu ba. Na dai ga wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu ya ce a gaida mai jiki.

Ranar na yini ina kallon sama. Manomi ne ni, ɗan manomi, amma na roƙi Allah ya riƙe ruwansa kwana biyu, ina yi ina waige kada wani ya ji.

Laraba tun da sanyin safiya na ɗauko tsohon daga Shagari. Ya matse ƙasa, ta dunƙule, ya jefar ya ce bismillah. Tarakta ta bi ta dama, wuƙar ta kwaso tsakuwar da na tara a gefe ta mirgino ta tsakiya. Ta dawo ta ɗaya gefen ta yi haka. Sau uku, sau huɗu, doro ya fara tashi. Ni dai idona ya ƙi yarda. Duk inda na duba sai in ga karkatacciyar ƙasa tana kirana. Ban san lokacin da na ɗauki fartanya na fara sassabe tudun tsakiya ba.

"Alhaji," in ji tsohon, "kawo kalmen ga in gani."

Na miƙa masa. Ya sa ta a ƙarƙashinsa ya zauna a kai, bai tashi ba sai azahar. Aikin da ya ba ni shi ne tsince manyan duwatsu ina jefarwa gefe, aikin da ko akuya aka koya wa za ta yi.

Inda kwarin ya yanka nan muka sha wuya. Aka jera duwatsu a ƙasa, aka zuba marmara kaɗan-kaɗan, tarakta na bi tana dannewa, a ƙara, ta sake bi. Tsohon ya hana a zuba gaba ɗaya, ya ce abin da aka cika da gaggawa da gaggawa yake zama. Bayan la'asar aka cika tirelar tarakta da ƙasa aka yi ta hawa da sauka har tayoyi suka daina barin sawu.

Na sake kiran mai tasi. Da ƙyar ya zo. Na cika kwanon sha da ruwa fal, na kwanta a kujerar baya yadda Inna za ta kwanta, na ɗora kwanon a ƙirji na ce ya ja. Zuwan farko na yi wanka a wuri uku. Kowane wuri na buga ƙofa ya tsaya, muka yi alama da kara, tarakta ta dawo ta gyara. Zuwa na biyu wuyan rigata kaɗai ya jiƙe. Na uku rana ta kusa faɗuwa, taubashina ya ce man da ya rage na komawa gida ne. Na iso zaure da kwanona, ya ragu da kamar kurɓi guda. Na tambayi tsohon ko ya isa.

"Ga mai lahiya ya isa. Ga mai ƙarhe cikin ƙugu, direba shi tahi kamar mai rakiyar hawainiya."

Alhamis na so in je Sakkwato, Adda ta ce in zauna in tsare hanyata, ita da direban mijinta sun isa. Tun hantsi nake bakin kwalta. Azahar ta yi ba su zo ba, wai ana jiran takarda da magani. Gabas kuwa ta fara baƙi. Na kira, na sake kira, har Adda ta ce in na ƙara za ta kashe wayar. Iska ta taso, ƙamshin ruwa ya iso kafin su. Hanyar ba ta taɓa ganin ruwa ba tun da aka yi mata doro, kuma inda aka cike jiya-jiya ne. Na tsaya ina lissafin ko ƙyauren zaure ya fi na ɗakinta faɗi, ina jin kunyar kaina da wannan tunani.

Yayyafi ya fara sauka motar ta bayyana. Inna na kwance a baya, kanta a cinyar Adda, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na leƙa na gaishe ta, ta ɗaga yatsu biyu. Na ce wa direba ya sa doron tsakanin tayoyinsa, kada ya kauce ko na ce ya kauce. Na shiga gabansa ina tafiya da baya, ina kiransa da hannu biyu kamar mai koya wa yaro tatata.

Muna rabi ruwan ya sauko da gaske. Na ga yana bugun tsakiyar hanya yana rabuwa biyu, yana gangarawa, yana fita ta ƙofofin da na sare. Ban tsaya sha'awa ba, gangaren tsakiya nake tsoro. Da muka iso na ji ƙasar ta ɗan yi taushi a ƙarƙashin takalmina. Tayar gaba ta hau, ta wuce. Ta baya ta hagu ta ɗan nutse, ta juya sau ɗaya a banza. Direban bai taka da ƙarfi ba, ya dai lallaɓa ta, ta kama tsakuwa ta fito. Na ci gaba da tafiya da baya, ruwa na shiga mini ido, na faɗi zaune sau biyu, ban ji zafi ba sai washegari.

Motar ta bi ta inda na ɗage darni ta tsaya daf da ƙofar ɗakin Inna. Matata ta riƙe tabarma a sama saboda ruwa. Adda ta fito da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu da aka ba su. Na miƙa hannu zan ɗauke ta, Inna ta harare ni. Ta dafa ƙarfen, muna riƙe da ita gefe da gefe, ta yi taku huɗu da ƙafarta, kowane taku sai ta huta, har bakin gadonta. Da aka kwantar da ita ta daɗe tana kallon rufin ɗakin. Sannan ta tambayi matata ko akwai fura, ta ce a dama da kauri.

Sai a lokacin na ji bakina ya dawo. Na tsuguna a ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemuna, na gyara murya na fara ba Adda labarin yadda na tsaya a Boɗinga gaban ƙarafa uku, mai walda na ja na nan, zuciyata na ja na can, na runtse ido ɗaya na nuna wuƙa. Ina cikin bayanin yadda ake sanin ƙasa ta yi daidai da matsewa a hannu, Inna ta sauke kwanon furar daga bakinta.

"Hanyag ga ta yi daɗi, ko kaɗan ban ji ta ba. Wa kunka samu yay yi ta? Don na san dai ba kai na ba."